Layin da Ba Ki Sa wa Hannu Ba

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauke motarku lafiya, ya tsare ku daga direba mai gaggawa da mugun mutum a hanya, amin.

Ga shi na rubuta sunanki a sama. Shekara ashirin da uku ke nan bakina bai iya kiransa ba, sai dai in ce "ke" ko "'yar Hajiya", don ke ce ta fari, mu kuwa haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Biro ba shi da kunya, shi ya sa na ɗauke shi. Na cusa takardar a jakarki ƙarƙashin ledar kuka da daddawa, don na san ba za ki leƙa wajen ba sai kin sauka yunwa ta tambaye ki.

Za ki tafi ban ba ki amsa ba, abin kuma ya tsaya min a rai. Makarantar horar da masu bishara ta aiko miki da takardar shaidar bangaskiya, layi goma sha biyu, kowanne da wajen sa hannu. Kin sa wa goma sha ɗaya. Wanda ya rage shi ne layin da ya ce duk wanda ya mutu bai karɓi Almasihu ba, hukuncinsa na har abada ne. Kika ce kin yi karatu kin ga akwai masu bi, tun na zamanin da, waɗanda suka sa rai cewa a ƙarshe Allah zai jawo kowa da kowa gare shi ta wurin Almasihu, ba wanda zai dawwama a wuta. Kika ce ba ki tabbatar ba, amma zuciyarki ta karkata can. Ranar Litinin za a karɓi takardar, kuma idan layin nan ya je ba hannu, ana iya ce miki ki koma gida.

Kika ce, "Mama, in sa ko kada in sa?"

Na ce, "Ki sa mana, wane irin shirme ne wannan? Shekara biyu kina neman gurbin nan."

Sai kika dube ni, kika ɗauko maganar matar da ta goya ki, wadda ta rasu tana Musulma, kika ce, "To Mama, faɗa min da bakinki. Ina Hajiya take yanzu?"

Kin ga abin da na yi. Na tashi na shiga kicin na hau wanke tukunyar da na riga na wanke. Ba fushi nake yi ba. A gaskiya ma, ina tsaye a wajen ina goge tukunya ina jin wani irin alfahari, cewa ni Laraba na haifi yarinyar da layi ɗaya a takarda zai hana ta sukuni, alhali da yawa za su zana hannu su wuce ko karantawa ba su yi ba. Zan ba ki amsa. Amma sai kin fara jin abin kunyata, don daga can amsar ta fito.

Ba ki san kakanki ba, mahaifina. Bamaguje ne na gaske, manomi, mai son giya da dariya, yana da ɗan wurin tsafinsa a gindin tsamiyar bayan gida. Ni a makaranta na karɓi Almasihu, bai hana ni ba. Cewa ya yi in dai zan riƙa zuwa gona ranar Asabar, in bauta wa wanda na ga dama ranar Lahadi. Shi ya sayar da bijiminsa na je na koyi aikin ungozoma. Ina gamawa aka aiko cewa yana kwance, hanta ta lalace, ciki ya kumbura. Da na gan shi na san kwanansa ya ƙare, sai tsoro ya kama ni, tsoron inda za shi.

Akwai wani hoto na kwali da ake yawo da shi a lokacin, mai hanya biyu, ɗaya ta hau sama, ɗaya ta gangara cikin wuta, mutane suna ɗaga hannu a ciki. Na samo shi na kafa a bangon da yake fuskanta. Kowace safiya in na ba shi magani, sai in nuna masa wutar da yatsa. Sati biyu ina wannan aiki, ina ganin kaina jaruma.

Wata safiya ya ce, "Laraba, wannan Allah naki, in ya kama ni ƙona ni zai yi?"

Na ce, "I, Baba, in ba ka tuba ba."

Ya ce, "To ke fa, kina can wurinsa kina ci kina sha, kina jiyo ihuna. Tuwon zai haɗiyu?"

Ni kuma a lokacin ban iya cewa ban sani ba. Sai na tuna wani abu da na taɓa ji a wa'azi, na ce, "Ai a can ba zan tuna da kai ba, Baba. Za a share min."

Ya dube ni. Ya ce, "To, ashe an gama." Ya juya ya ba ni baya. Daga ranar bai ƙara karɓar magani daga hannuna ba, sai daga hannun innata, har ya cika bayan kwana biyar.

Rahila, sati biyu na samu da mahaifina, ban yi masa maganar Yesu kansa ko sau ɗaya ba. Ban ce masa wanda nake bi ya zauna ya ci abinci da mashaya irinsa ba. Ban ce masa ya roƙa wa waɗanda suka kashe shi gafara ba. Labarin da zai sa Baba ya gyara kwanciya ya ce in ƙara masa, shi na bari a jaka na fito da kwali. Don haka in kin tsaya gaban mutum, musamman mai ciwo, ki fara da abin da ya sa aka kira saƙon nan bishara. Idan kin gama maganarki kika ga da an cire sunan Yesu ba abin da zai ragu, to ki san tsoratarwa kika yi, kuma wannan kowane boka ya iya. Tambayar Baba ma kada ki raina ta in wani ya yi miki. Tambaya ce ta mai hankali, ita ce kuma taki, sai dai ke kin same ta a littattafai shi ya same ta a kan tabarma. Na fahimci abin da ke jan zuciyarki fiye da yadda kike zato.

Kuskurena na gaba ya fi wannan yi min ciwo, ga shi kuma ba wanda ya taɓa zargina a kansa.

Kina wata bakwai mahaifinki ya rasu, aka turo ni aiki ɗakin haihuwa a cikin birni. Ba a saba ganin irinmu a cikin ganuwa ba, kowa ya ce in nemi ɗaki a Sabon Gari in riƙa zuwa. Haka nake yi, da ke a bayana, har ranar da aka kira ni wani gida a Dukawuya da rana tsaka. Binta ce ke naƙuda, 'yar Hajiya Uwani mai turare, ɗa ya zo da ƙafa, ba kuma lokacin kai ta ko'ina. Allah ya taimake ni na juya shi ya fito da rai. Shi ne Sadiƙun da yanzu yake kai humra da turaren wuta Kasuwar Kurmi, mai gemun nan da ke rusuna min a hanya. In na ce rabin samarin layin nan a hannuna suka faɗo ban yi ƙarya ba, ina kuma taƙama da hakan.

Da Hajiya ta ji inda nake kwana, sai ta ce, "Da jaririya a baya? Wallahi ba za ta yiwu ba." Ta sa aka share ɗakin da ke kusa da soro. An yi mata surutu a unguwa, ta ce gidanta ne. Shekara bakwai muka yi a ɗakin. Ita ta goya ki ina wurin aiki, ita ta yaye ki, ita ta koya miki tuƙa tuwo, ko da yake har yau naki ba ya rabuwa da gudaji, wannan kuma ba laifinta ba ne. Da azumi takan ajiye miki abincin rana a rufe. Ranar Lahadi ita ke buga mana ƙofa tana cewa, "Sista, ku tashi kada ku makara wajen ibadarku."

Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, tana daka itacen turare ina tsince mata, sai ta ce, "Sista, zan faɗa miki wata magana, kada ki ji haushi. Ba sallar da zan idar ban roƙa miki shiriya ba. Ina tsoron ranar da za a tsayar da mu a ce ni nan, ke can. Na faɗa miki nawa. To ke, a wajenku me aka ce game da ni?"

Ƙofa ce a buɗe. Ba ni na tura ba, ita ta buɗe da hannunta, cikin ƙauna, ba kowa a wajen sai kaji. Amma na tuna bayan Baba da ya juya min, na tuna ɗakin da nake ciki na wace ce, sai na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, ai duk ɗaya ne. Allah ɗaya ne. Kowa ya yi nagari zai gani."

Ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Ƙarya kike yi. Da duk ɗaya ne da ba kya goya yarinyar nan ki shiga mota biyu kowace Lahadi. Ni na buɗe miki cikina don ina sonki. Ke kuma kin ba ni amsar baƙo."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka. Ba ta canza min fuska ba, ko washegari ita ta yi miki kitso. Amma ba ta ƙara tambayata ba har ta bar duniya.

Nan tsorona yake game da wannan koyarwa da kika ɗauko. Na san abin da kike faɗa ba shi ne abin da na faɗa wa Hajiya ba. Ke kin ce ta wurin Almasihu ne kowa zai dawo, bayan hukunci da tsarkakewa, ni kuwa cewa na yi ba bambanci. A takarda maganganu biyu ne. Amma a bakin matsoraci irina, ranar da aka ritsa shi, sukan narke su zama ɗaya. Koyarwa ce mai daɗin ɗauka ga wanda dama yake neman dalilin yin shiru. Ki tuna aikina. Mace ta zo awo da ƙafa a kumbure, kai yana sara mata, jini ya hau, tana kallon fuskata tana so in ce lafiya lau. In na ce mata lafiya lau za ta tafi tana sa min albarka, bayan sati biyu a kawo ta tana jijjiga. Idan akwai haɗari kika ce wa mutum babu, ba ki yi masa alheri ba. Ni kuma na gaskata akwai haɗari, don Ubangiji da kansa ya yi maganarsa da kalmomi masu nauyi, shi da ya fi kowa tausayi.

Amma zan ba ki naki haƙƙin. Na ji dattawan ikilisiya suna ce miki, in kowa zai tsira, me ya rage na yin bishara? Wannan tambayar ba ta tsorata ni ba kamar yadda suka zata. In na fito daga ɗakin haihuwa na tarar da maigida a soro ya haɗa kai da gwiwa, na ce masa albishirinka, ba ni na sa aka haihu ba. An riga an haihu. Amma shi yana can cikin zullumi har sai an faɗa masa, kuma ban taɓa ganin ungozomar da ta ce bari in sha ruwa tukuna tunda dai zai ji ba. Hajiya ta rayu ta mutu ba ta ji daga bakina abin da ya sa nake shiga mota biyu ba. Ko da a ce fatanki gaskiya ne, na hana ta wani abu da ta tambaya, kuma haƙƙinta ne ta ji ta auna da kanta. Wataƙila da ta ji, da ta ce, "Na ji, Sista, ina nan kan nawa." Da hakan ya fi min, don da mun rabu kowa ya san abin da ke zuciyar ɗan'uwansa.

Don haka ga ma'aunin da zan ba ki. Ki riƙa duba kanki. In wannan fata ya sa bakinki ya fi buɗewa, kina faɗar sunan Yesu da murna ba da barazana ba, to ki riƙe shi a matsayin fata. In kuwa kika ga addu'arki ga mutane ta fara yin sanyi, kika ga an yi miki tambaya kin yi dariya kin kauce, to ki san ya fara cin ki, ki ajiye shi. Ki kuma koya daga Hajiya. Ita ta gaskata ina cikin haɗari, ta faɗa min a fuskata, sannan ta tashi ta zuba min tuwo. Ban ga mai bishara da ya fi ta iya wannan aiki ba, ga shi ba ta taɓa taka coci ba.

Sauran labarin kin san rabinsa, don da hannunki aka yi shi.

Kina shekara tara, mun riga mun koma gidan ma'aikata a wajen Ƙofar Na'isa, ciwon suga ya kwantar da Hajiya. Ni na yi jinyarta. Da hantsi ta cika, da kalmar shahada a bakinta, hannunta a cikin nawa. Na fito daga ɗakin nan. Abin da nake ta faɗa wa kaina shi ne, ta tambaye ki kin yi mata ƙarya, yanzu ta tafi. Maimakon in kai wannan laifi gaban Allah, sai na mayar da shi taurin kai. Na ce tunda na yi sakaci tana da rai, to yanzu zan tsaya kan gaskiya ba sani ba sabo.

Kin san yadda zaman makoki yake. Mata a kan tabarmi, duk wadda ta shigo ta durƙusa ta ce Allah ya ji ƙanta, Allah ya sa ta huta, a amsa da amin. Ni na shigo na ce, "Sannunku da haƙuri," na ja bakina na yi shiru. Binta ta ɗago ta dube ni tana jiran sauran. Ban ƙarasa ba.

Ranar sadakar uku aka daka gumba aka rarraba wa maƙwabta da dangi kamar yadda aka saba. Mu ba maƙwabta ba ne a lokacin, tafiya ce mai nisa, amma Binta ta sa aka kawo mana tamu har gida, a cikin langar Hajiya mai zanen fure, wadda take zuba miki abinci a ciki. Ma'anar wannan a bayyane take, wato mu 'yan gida ne. Na zauna ina kallon langar. Na ce a raina in na ci, na yarda ke nan cewa sadakar nan za ta amfane ta a inda take. Ko murfin ban ɗaga ba. Na miƙa miki na ce ki mayar.

Kika ce, "Mama, a cike?"

Na ce, "A cike."

A garin nan ko kwanon da aka cinye abin ciki ba a mayar da shi haka nan, sai an saka wani abu, ko ashana ce. Ni kuma na mayar da na mamaciya ba a taɓa ba, a hannun yarinyar da ta goya. Kika dawo idonki jawur. Kika ce Binta ta buɗe a gaban mata, ta rufe, ta ce, "Ki ce wa Sista mun gode, mun gane."

Shekara huɗu ban taka gidan ba. Ana gaishe ni a hanya, amma ba mai cewa in shigo in sha ruwa. Binta ta sake haihuwa, wata aka kira. Ke ce ba ki daina zuwa ba. Kina tasowa daga makaranta ki bi ta Dukawuya, ki dawo kina ƙamshin turare ki ce min wai darasi aka tsayar da ku. Ina ji ina yin kamar hancina ya toshe. A ƙarshe ke kika tsaya a kaina, da shekara goma sha uku, kika ce ba za ki ci abinci ba sai na je. Taurin kan nan naki ban san inda kika samo shi ba.

Na je na durƙusa wa Binta, wadda na girme wa. Ta yi kuka, na yi. Sannan ta ce, "Sista, ba gumbar ba ce. Mun san addininku daban, Hajiya ma ta sani. Da kin karɓa kin zuba wa kaji, wa zai sani? Ko ki zo ki ce Binta, a wajenmu ba ma cin wannan, amma ga ni na zo. Abin da kika nuna mana shi ne kin riga kin yanke wa uwata hukunci, har kina ƙyamar abin da aka daka da sunanta."

Gaskiya ta faɗa. Na hau kujerar da ba tawa ba. An aike ni in faɗi labarin Almasihu, na ƙi faɗa. Ba a aike ni in faɗi inda kowa yake ba, shi kuma na faɗa, da langa. In kin zama mai bishara za ki je gidajen rasuwa da yawa, na masu bi da na waɗanda ba masu bi ba. Ki zauna a tabarma, ki yi kuka da su, ki karɓi abin da aka miƙo miki. In akwai abin da lamirinki bai yarda da shi ba, ki faɗa da bakinki a keɓe, kada ki aika da shi. Kuma Allah ya ji ƙai ba kalmar da za ta ƙona miki harshe ba ce, don jinƙan nasa ne, ba a ba mu makullinsa ba.

Yanzu ga amsar tambayarki. Ina Hajiya take? Ban sani ba. Shekara goma sha huɗu ina juya wannan tambaya, tare da ta Baba. Ba zan ce miki tana wuta ba, don ba a nuna min ba. Ba zan ce miki na tabbata tana cikin hutu ba, don wannan ma ba a nuna min ba, kuma na riga na yi wa matar nan ƙarya sau ɗaya. A Maganar Allah akwai wuraren da ke maganar rabuwa da hukunci, ban iya goge su ba. Akwai kuma wuraren da ke cewa kowa, da dukan abubuwa, su ma ban iya goge su ba. Abin da na sani shi ne tana hannun wanda ya halicce ta, wanda ya ga ranar da ta share wa gwauruwa da jaririya ɗaki, wanda ya ga kuma laifin wa ne da ba ta ji ba. Ba zai yi mata rashin adalci ba, kuma ya fi ni sonta. A nan nake ajiye ta kowace safiya.

Sai maganar takarda. Da ni aka ba, zan sa hannu, don ni na gaskata gargaɗin nan na gaske ne. Ina kuma fatan wata rana ki zo inda nake. Amma ranar da na ce ki sa, ba don gaskiyar layin na faɗa ba. Zumuntar mata nake tunani, da waƙar da suka yi miki a coci, da abin da za a ce in an ga kin dawo. Na janye wannan magana.

Kada ki sa hannu kan abin da zuciyarki ba ta kai ba. Mai bisharar da ya shiga ƙofa da ƙaramar ƙarya, a kanta zai gina sauran. Ranar Litinin kada ki cusa takardar cikin tarin takardu kina fatan ba za a lura ba. Ki nemi shugaban makarantar, ki gaishe shi da ladabi, ki nuna masa layin da yatsa. Ki ce masa kin gaskata ba ceto sai ta wurin Almasihu, kin gaskata akwai hukunci, amma game da ƙarshensa ba ki tabbatar ba, kuma koyo kika zo yi. Kada ki yi masa lacca, na san halinki. Kada kuma ki mayar da fatanki doka ki fara raina waɗanda suka sa hannu, don a cikinsu akwai waɗanda suka binne iyayensu da irin tambayarki a ƙirji. In suka karɓe ki, ki yi karatu da zuciya a buɗe. In bayan shekara uku kika ga layin nan gaskiya ne, ki sa hannu ba kunya. In ba ki gani ba, ki faɗa.

In kuwa suka ce ki koma, to ki dawo. Kada ki tsaya a tasha kina tsara abin da za ki ce min, kada kuma ki wuce gidan wata ƙawa ki ɓuya. Ki bugo min waya tun kuna hanya. Zan ɗaura ankon zumunta in zo in tare ki, in ɗora jakarki a kaina, mu shigo da rana kowa yana gani. Ranar Lahadi in aka ba da lokacin shaida ni zan fara tashi. Zan ce musu na aika 'yata ta koyi faɗar gaskiya, aka duba aka ga ta riga ta iya.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya ba ki malamai masu haƙuri da abokai na kirki, ya kare ki daga ciwo da sanyin garin nan da ba ki saba da shi ba. Ya ba ki baki a ranar Litinin, ya ba wanda zai saurare ki kunne. Ya riƙe ki a hannunsa ko sun riƙe ki ko sun sake ki. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ke, amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Laraba